Yadda zaka kwashe makin fai cat a JAMB, WAEC da jarabawar ɗaukan aiki

Ƙannena masu shirin JAMB da WAEC da NECO, har da ku yayyenmu masu bin jarabawar ɗaukan aiki ta kwamfuta, yau maganar fai cat zamuyi, wato zanen da'irar nan da ake yayyankawa a ce wannan yankin na kaza ne, wancan na kaza. A duk lissafin da ake tambaya babu maki mai arha kamar nashi, amma abin da ke ƙona min rai shine a wajen lesin nan Jos sai kaga yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda yake warware aljebra ko gumi baya yi, yazo nan ya zubar da maki a banza, ko don gaggawa ko don ya ɗauki digiri a matsayin kaso cikin ɗari. Toh dan Allah a ɗauko biro da takarda, duk misalin da na kawo a lissafa shi da hannu, lissafi baya zama a kai da kallo kawai.

Abu ɗaya da komai ya rataya a kai

Ka tuna mai kankana a kasuwar Taminus ta Jos idan ya yanka guda ɗaya, wani yankan babba wani ƙarami, amma in ka haɗa su duka kankana ɗaya ce dai. Haka fai cat yake. Da'irar gaba ɗaya digiri 360 ce, ita ce kuma kashi 100 cikin 100, ita ce kuma jimillar abin da ake magana a kai, ko ɗalibai ne ko kuɗi ko buhuna. Abu uku ne a baki amma abu ɗaya suke nufi. Wani ɗan ƙasar Sikotland, William Playfair, shi ya fara fito da irin wannan zanen a 1801, kuma daga lokacin zuwa yau ƙa'idar bata canja ba.

Saboda haka matakin farko, tun kafin ka karanta tambayar ma, ka kalli zanen ka tambayi kanka abu biyu. Lambobin da ke cikin yankunan nan digiri ne ko kaso cikin ɗari? In akwai ɗan ƙaramin zagaye a saman lambar, kamar 90°, digiri ne, da 360 zaka yi aiki. In alamar % ce da 100 zaka yi aiki. Na biyu, an bani jimilla ko an ɓoye ta? Wlh da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa a nan suke faɗuwa, mutum yaga 60° sai yace kashi 60 cikin ɗari, alhali 60° kashi ɗaya ne cikin shida na da'ira, bai ma kai 17% ba. Kuma masu saita tambaya sun san da wannan rauni, zasu saka maka amsar kuskuren a cikin zaɓi tana jiranka, kana gani ka danna kana murna.

Nemo darajar digiri ɗaya

Wannan shine matakin da nafi so ku riƙe, don shi kaɗai yana warware mafi yawan tambayoyin. Ga misali, na ƙirƙira lambobin ne don koyo. Wani dillalin kayan gwari a kasuwar Farin Gada ya loda buhu 720 zuwa kudu. A zanen, dankalin turawa ya ci 120°, tumatir 90°, kabeji 60°, karas 50°, sai koren wake da ba'a rubuta nashi ba.

Fara da cike gurbin. 120 da 90 da 60 da 50 sun bada 320, cire daga 360 saura 40°, na koren wake kenan. Yanzu raba jimilla da 360, wato 720 ÷ 360 = 2. Ma'ana kowane digiri ɗaya buhu 2 ne. Shikenan ka gama da zanen nan, duk abin da za'a tambaya ninkawa ne kawai. Dankali 120 × 2 = 240, tumatir 180, kabeji 120, karas 100, koren wake 80. Haɗa su kaga ko zasu koma 720, in sun koma toh hankalinka ya kwanta.

A littafi zaka ga an rubuta maka dabarar a matsayin kusurwa bisa 360 sau jimilla, daidai ne, abu ɗaya ne da namu. Ni dai nafi son hanyar digiri ɗaya saboda a jarabawar ɗaukan aiki sau da yawa zane ɗaya ake ɗora wa tambaya huɗu ko biyar, in ka samo darajar digiri ɗaya sau ɗaya ka rubuta a gefen takarda baka sake rabawa ba, wanda ke kusa da kai kuma yana ta maimaita dogon lissafi a kowace tambaya.

In zanen na kaso cikin ɗari ne, darajar 1% zaka nema. Ma'aikaci yana ɗaukan N150,000 a wata, abinci 40%, haya 20%, kuɗin makaranta 15%, kuɗin mota 10%, ajiya 15%. Raba 150,000 da 100, 1% ya zama N1,500. Abinci 40 × 1,500 = N60,000, haya N30,000, haka dai har ƙarshe.

Daga digiri zuwa kaso, daga kaso zuwa digiri

Gadar da ke tsakaninsu ita ce 3.6, tunda 360 ÷ 100 = 3.6. In kaso aka baka ana neman kusurwa, ninka da 3.6, kuɗin makarantar can 15% zai zama 54°. In digiri aka baka ana neman kaso, raba da 3.6, ko ka ɗora shi bisa 360 ka ninka da 100.

Amma gaskiya akwai waɗanda bai kamata ka tsaya lissafa su a ɗakin jarabawa ba, haddace su ake yi. 180° rabi ne, 50%. 90° kwata ne, 25%. 120° ɗaya bisa uku, 60° ɗaya bisa shida, 45° ɗaya bisa takwas wato 12.5%, 30° ɗaya bisa sha biyu. Sai dangin 36, su kuma sunfi sauƙi, 36° shine 10%, 72° shine 20%, 108° shine 30%, 144° shine 40%, rabin 36 kuma wato 18° shine 5%. Ka rubuta su a ƙaramar takarda ka manna inda kake gani kullum. Dalili kuwa lokaci. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, Ingilishi 60, sauran darussa uku 40 kowanne, in ka raba kowace tambaya sakan 40 take da shi. Eh akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar, amma kafin ka buɗe ta ka riƙa danna lamba ɗaya-ɗaya da linzami wanda ya haddace 72° ya wuce tambaya ta gaba.

Wani sirri kuma, 360 lamba ce mai daɗin rabo, daga 1 zuwa 10 babu wanda baya raba ta sai 7 kaɗai. Masu saita tambaya suna zaɓen lambobin da zasu fita tsaf. In kana lissafin yawan mutane sai kaga ka samu ɗalibi 83.33, tsaya, kusan ko yaushe wani abu ka karanta ba daidai ba, koma ka duba zanen.

Idan an ɓoye jimilla

Nan ne yara suke tsorata, suce malam ai ba'a bamu total ba. Ba sai an baka ba. Za'a ce yankin da ke da 48° yana wakiltar ɗalibai 120, ɗalibai nawa ne gaba ɗaya? Dabarar dai ita ce, darajar digiri ɗaya, sai dai yanzu daga yankin zaka samo ta. 120 ÷ 48 = 2.5. Jimilla kenan 2.5 × 360 = 900. In kuma wani yankin aka tambaya, ace mai 80°, ba sai ka bi ta jimilla ba ma, 80 × 2.5 = 200 kai tsaye.

Wani lokacin zasu ƙara murɗa shi, ba zasu baka yanki ɗaya ba, bambanci zasu baka. Ace masu Kimiyyar sinadarai 100° ne, masu Fiziks 70°, kuma na farkon sun fi na biyun da mutum 60. Bambancin kusurwa 30° ne, shi ke daidai da mutum 60, kaga digiri ɗaya mutum 2 kenan, jimilla 720. Duk inda aka haɗa maka wata kusurwa da wata lamba ta gaske, ƙofa ce aka buɗe maka, ta nan zaka shiga.

Masu x a ciki

JAMB na son wannan sosai. Yankuna huɗu, an rubuta (x + 10)°, 2x°, (3x − 20)° da 70°. Duka dole su haɗu su bada 360, toh haɗa. Masu x sun zama 6x, lambobi kuma 10 − 20 + 70 = 60. Kenan 6x + 60 = 360, 6x = 300, x = 50. A nan nake roƙonku ku ja birki. Samun x ba shine amsa ba sai in x ɗin aka tambaya. Mayar da 50 cikin kowane yanki, zaka samu 60°, 100°, 130° da 70°, haɗa su ka tabbatar 360 ne. In tambayar tace nemo kusurwar yanki mafi girma amsa 130° ce, amma na rantse zaka ga 50 zaune a zaɓin A tana maka murmushi. Ka gama lissafi, koma ka sake karanta layin ƙarshe na tambayar kafin ka danna.

Kuma in kaga ɗan ƙaramin akwati a kusurwar wani yanki ba tare da lamba ba, 90° ake nufi. In layi ya ratsa da'irar miƙe ta tsakiya, kowane gefe 180° ne. Ba zasu rubuta maka ba, suna so su ga ko ka lura.

Tambayoyin kwatance, inda manya ma suke zamewa

Wannan ɓangaren zan ɗan daɗe a kai don yana fitowa a jarabawar bankuna da hukumomi, kuma har masu digiri yana kayarwa.

Mai sauƙin shine rashiyo. Dankali da tumatir a misalinmu na Farin Gada, ba sai ka nemo buhuna ba, ɗauki kusurwa kawai, 120 da 90, rage su ya zama 4:3. Haka in aka tambayi yiwuwar a zaɓi buhu ɗaya da ka ya zama na tumatir, 90 bisa 360 ne, ɗaya bisa huɗu. Jimilla bata da aiki a nan, kar ka ɓata sakan ɗinka.

Mai wuyar shine idan akace da kashi nawa cikin ɗari wannan ya fi wancan. Karas 50° ne, koren wake 40°. Da kashi nawa karas ya fi koren wake? Bambanci 10 ne, amma bisa me zaka ɗora shi? Bisa abin da aka kwatanta da shi, wanda aka fi, wato 40. 10 bisa 40 shine 25%. Yanzu juya tambayar, da kashi nawa koren wake ya gaza karas? Bambanci dai 10 ne amma yanzu karas ne ma'auni, 10 bisa 50, 20%. Kaga zane ɗaya, lambobi ɗaya, amsa biyu daban, kuma duka biyun zasu fito a zaɓi. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shine su nemi sunan da yazo bayan kalmar kwatancen, wato "than", a jimlar turancin, shi ke zuwa ƙasa a rabon.

Akwai ɗan'uwan wannan tarkon. A albashin can abinci 40% ne haya 20%. In akace nawa ne bambancinsu a cikin albashi, 20% na albashin ne, N30,000. Amma in akace da kashi nawa kuɗin abinci ya fi na haya, amsa 100% ce, don N60,000 ninki biyu ne na N30,000. Mutane da yawa zasu cire 20 daga 40 su danna 20% su wuce.

Sai kaso cikin kaso. Ace kwatan kuɗin abincin shinkafa ake saya da shi, kashi nawa ne na albashin duka? Kwatan 40% ne, wato 10%, N15,000. Ba 25% na albashi ba. Kullum ka tambayi kanka, kwatan me?

Idan zane biyu aka jera

Makarantar farko ɗalibai 600 gare ta, 'yan sayans 25%. Ta biyu ɗalibai 1,000, 'yan sayans 20%. A ido yankin ta farko yafi faɗi, sai mutum yace ai tafi yawan 'yan sayans. A'a. Ta farko 150 ne, ta biyu 200. Girman yanki yana gaya maka rabonsa ne a cikin da'irarsa kawai, baya gaya maka komai game da da'irar maƙwabta sai ka san jimillar kowacce. In kuma akace a haɗa makarantun biyu, kashi nawa ne 'yan sayans, kar ka haɗa 25 da 20 ka raba biyu ka samu 22.5%, kuskure ne tunda yawansu ba ɗaya ba. Haɗa mutanen, 350, haɗa jimillar, 1,600, raba, ya baka 21.875%, kusan 21.9%. Ƙa'idar da zaka riƙe a zane biyu ita ce ka mayar da komai zuwa lambar gaske tukuna kafin ka kwatanta ko ka haɗa.

Game da ido kuma, kar ka auna yanki da kallo. Sau da yawa ba'a zana su daidai da ma'auni ba, a allon kwamfuta ma da'irar na iya fitowa a ɗan matse. Inda kiyasi yake da amfani shine wajen zubar da zaɓin da ba zai yiwu ba. In yanki 100° ne jimilla 540, ka san ya ɗan fi kwata, kwatan 540 kuwa 135 ne, toh duk zaɓin da ke ƙasa da 135 ko wanda ya kai rabi ka watsar. Amsar 150 ce, kuma wani lokacin ita kaɗai zata rage ba tare da ka yi dogon lissafi ba. Wasu jarabawowin ɗaukan aiki basa barin kalkuleta sam, a can wannan dabarar zata cece ka.

Masu WAEC da NECO, ku zana ake cewa

A takardar tiyori ba karantawa kawai ba, tebur za'a baka ace ka zana. Ace ɗalibai 40 a aji, 18 da ƙafa suke zuwa, 12 a keke napep, 6 a bas, 4 ana kawo su a motar gida. Yanzu juyawa zakayi, ka nemi digiri nawa mutum ɗaya yake ci, 360 ÷ 40 = 9°. Masu ƙafa 162°, keke 108°, bas 54°, mota 36°. Haɗa, 360 cif. Ka rubuta wannan lissafin a fili cikin tebur a takardar amsa, don ana bada maki a kan hanyar da ka bi, ba zanen kaɗai ba, yara da yawa suna yi a bayan takardar tambaya su kawo da'ira tsirara.

Wajen zanen, kamfas zaka sa ka yi da'ira mai ɗan girma, ƙarama tana wahalar aunawa, kuma dan Allah banda zagaye murfin kwalba don ba zaka san ainihin tsakiya ba. Ja layi daga tsakiya zuwa baki. Ɗora tsakiyar furotirakta, wato abin auna kusurwa, daidai kan tsakiyar da'irar, layin sifili ya hau kan layinka, auna kusurwar farko ka ja layi. Kusurwa ta biyu daga sabon layin zaka fara aunawa, ba daga na farko ba. Lura furotirakta layin lambobi biyu gare ta, na ciki da na waje, ka bi wanda ya fara da sifili a kan layinka, in ba haka ba zaka nemi 54° ka zana 126°. Yankin ƙarshe ba sai ka zana ba shi zai rage da kansa, amma auna shi, in ya fito 36° aikinka yayi kyau, in ya fito 42° akwai inda hannu ya goce. Fensir mai tsini, sunan kowane yanki da kusurwarsa a ciki, sai take a sama. Ƙanwata, ke da kike cewa zaki ari furotirakta a ɗakin jarabawa, ki sayi naki masit, wato akwatin kayan zanen lissafi, tun yanzu ki saba da shi, a ranar kowa ta kansa yake yi.

Yadda zaka yi atisaye

Nemi tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, suna nan a shagunan littattafai cikin gari da kuma manhajojin waya, ka tsince na fai cat kaɗai ka yi su a jere. Kwanakin farko kar ka damu da agogo, damu da ka rubuta darajar digiri ɗaya ko 1% a kowace tambaya har ya zama jiki. Bayan nan sai ka kunna agogon waya ka ba kanka sakan 40. Duk wadda ka faɗi, kar ka tsaya a duba amsa kawai, rubuta a gefe me ya kayar da kai, digiri da kaso ka haɗa, ko x ka bayar a maimakon kusurwa, ko ma'aunin kwatance ka juya, zaka ga kusan abu ɗaya ne yake ta maimaita kansa, shi zaka bi ka gyara.

Ga guda ɗaya ka gwada yanzu kafin ka ajiye wayar. Manomi a Bokkos ya raba gonarsa, dankalin turawa 150°, masara 2x°, acca x°, kayan lambu 60°, kuma filin kayan lambun hekta 4 ne. Nemo x, nemo girman gonar duka, sannan da kashi nawa cikin ɗari filin dankali ya fi na masara. In ka samu x = 50, gona hekta 24, na ƙarshen kuma 50%, toh ka wuce zuwa tsofaffin tambayoyi. In 33.3% ka samu a na ƙarshen, bisa 150 ka ɗora bambancin a maimakon 100, koma ka sake karanta wajen karas da koren wake.